Juma'ar da Na Buɗe Rijiyar Baba

Kabiru, kai ka sa na ɗauki biro. Ranar da ka rako ni ganin likitan ido, muka biyo ta ƙofar gidan Alhaji Mamuda yana zaune a kujerarsa, sandarsa jingine da gwiwa, na ga ka kau da kai kamar ba ka gan shi ba. Da na yi maka magana sai ka ce ba ka gaisawa da mutumin da ya sa aka rufe mana rijiya. Na yi shiru har muka iso gida. Shirun nan na daɗe ina yin sa, tun kana ɗan shekara biyar, kuma ya isa haka. Abin da zan rubuta naka ne, da yayarka Sadiya, da ƙannenku da ba a haifa ba a lokacin. Ku karanta shi har ƙarshe kafin wani ya zo min da tambaya.

Kun san gidanmu na cikin lungu a bayan Ƙofar Wambai, kun kuma san dakalin siminti da ke tsakar gida inda Ummanku take shanya kuɓewa. A ƙarƙashinsa rijiyar Baba take. Ruwanta sanyi gare shi ko a tsakiyar bazara, kuma ban taɓa ganin ta ƙafe ba. Mahaifina yana da al'ada guda da ita wadda shi ma gadonta ya yi: duk ranar Juma'a, daga hantsi zuwa kiran salla, ƙofar gida a buɗe take, kowa ya shigo ya ɗiba, sadaka ce ga iyayen da suka riga mu. Da ciwon ajalinsa ya yi tsanani bai yi min maganar gida ko gona ba. Abin da ya ce kawai shi ne kada Juma'a ta taɓa samun ƙofar nan a rufe. Na ce masa to, a gaban Iya kakarku.

Ni aikin ruwa na yi duk ƙuruciyata, mai gyaran bututu ne a ma'aikatar ruwa. Na san hanyar bututun cikin ganuwa fiye da yadda na san hanyar gidajen dangina, kuma ina taƙama da hakan, don Allah bai yi ni da ƙanƙan da kai ba, wannan kun sani. A kan idona gari ya fi ƙarfin bututunsa. Famfonmu ya koma kawo ruwa sau biyu a mako, ya koma sai an yi sa'a, har ya zama wurin rataye soso. A rediyo ana ta cewa gwamnati ita kaɗai ba za ta iya ba, masu hali su shigo su taimaka, ni kuwa na ji kamar da ni ake. Da na yi ritaya sai na sa aka yashe rijiyar Baba aka ƙara mata zurfi, na zura mata injin jan ruwa, na ɗora tanki a kan soro, na fito da famfo huɗu ƙofar gida. Kwana shida na mako 'yan garuwa suna saye, ranar Juma'a kuma kyauta. Cikinsu wanda ya fi kowa sammako shi ne Audu, magidanci mai mata da 'ya'ya uku a ƙauye, dogo, mai surutun tsiya, wanda yake kirana Injiniya duk da na sha gaya masa ni ba injiniya ba ne. Gaskiya daɗin sunan nake ji.

Gab da faɗuwar damina a shekarar da nake ba ku labari, masan gidanmu ya cika. Na je na ɗauko motar wani kamfani mai zuƙe masai, direban ya tsaya a bakin titi, ya leƙa lungunmu, ya yi dariya ya ce ko ya haɗa tiyonsa da na ƙaninsa ba zai kai rabin hanya ba. Sai na koma ga masu yasa da hannu, waɗanda ake tsokana da sunan gidan kowa da akwai. Shugabansu, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya ba ni zaɓi biyu: ko su kwashe a duro su fitar bayan gari, ko su haƙa rami a cikin gida su binne. Fitarwa ta fi tsada, ga shi sai an bi da duro ta ƙofar maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ni kuma Injiniya mai sayar da ruwa ba na son a gan ni da wannan. Na nuna masa bayan ɗakin girki, inda na san Baba ya sa an binne har sau biyu ina yaro. Dattijon ya auna da ƙafa daga nan zuwa bakin rijiya, ya dawo.

"Malam, nan ya yi kusa."

"Nan mahaifina yake binnewa, kuma ba wanda ya taɓa ko ciwon ciki."

"Shi ma inji yake sa mata?"

Na ce masa ya yi aikin da aka kira shi. Amma na ji tambayar, kuma na fi shi sanin amsarta. A zamanin Baba guga ake zurawa, rijiya ta wuni tana hutawa. Ni kuwa injina wuni yake yana ja, rijiyar kuma sai ta janyo abin da ke kewaye da ita don ta cike gurbi. Wannan karatun ni nake koya wa sababbin ma'aikata da bakina. Aka binne, aka daddale, na watsa toka a kai, na manta.

Ruwan sama ya sauka da ƙarfi a shekarar, kwatoci suka cika suka tumbatsa. Sai aka fara jin amai da gudawa, da farko can nesa, a bakin masu hira, daga baya a unguwarmu. Ba na jin zan iya kwatanta muku yadda tsoro yake shiga lungu irin namu, inda bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci. Kana jin kakarin amai daga gidan da ke jikinka, ka ji an ce a miƙo roba, can ka ji an fita da gudu neman mai adaidaita. Mata suka daina aika wa juna abinci. A masallaci kowa yana satar kallon gurbin wanda bai zo ba. Ni kuwa kasuwata buɗewa ta yi, don mutane sun tsorata da ruwan kududdufi da na indararo, suna cewa a sayo na Injiniya, shi ya san ruwa.

Ranar wata Talata bayan la'asar Alhaji Mamuda ya yi min sallama. A lokacin yana da rijiyar burtsatse mai zurfi da ɗan wurin ɗura ruwan leda a wajen Ƙofar Dawanau, kuma wasu daga cikin 'yan garuwarsa sun dawo wurina saboda na fi kusa. Muna gaisawa, amma kowa da abin da ke ransa. Ya ƙi zama a dakalin waje, ya ce mu shiga zaure, ya rage murya.

"Malam Garba, na zo ne tsakanina da kai. Gidajen da na je dubiya makon nan, na tambayi wa yake kawo musu ruwa. Duk daga nan ne."

"To me kake nufi, Alhaji?"

"Ka rufe na mako guda. A kai ruwan a auna. Ni zan riƙa turo maka tanka a bakin titi, mutanenka su ɗiba, ba wanda zai san dalili. Ka ce inji ne ya lalace."

Na miƙe tsaye na ce masa lokacin da nake auna ruwa shi yana sayar da atamfa a kasuwa, in 'yan garuwa yake so ya kwashe ya fito fili ya faɗa. Na faɗi abin da ya fi wannan ma, ba zan rubuta shi ba. Bai rama ba. Ya sa takalminsa ya ce Allah ya sa shi ne bai fahimta ba, ya tafi. Amma tun kafin ya rufe baki hankalina ya tafi bayan ɗakin girki.

Washegari da safe na ɗebi ruwan a kofin gilashi na ɗaga shi ga rana. Garau yake. Na shinshina, sai na ji kamar akwai wani abu, kamar kuma babu. Na zagaya bayan ɗakin girki na tarar wurin da aka binne ya lotsa, ruwan sama ya kwanta a kai. Na tsaya ina kallonsa har Ummanku ta leƙo ta tambaye ni abin da na yar. Na ce mata daga yau duk ruwan da za a sha a gidan nan a tafasa shi, a juye a randar ɗakinta, kada yaro ya kusanci famfo. Ummanku ba ta yi boko ba, amma ba a yi mata wayo. Ta ajiye muciyar hannunta.

"Malam, ruwan namu ne ba shi da lafiya?"

"Rigakafi ne. Kowa tafasawa yake yi yanzu."

"To su na ƙofar gida fa? Abin da ba ka yarda Kabiru ya sha ba, ɗan wa ka yarda ya sha?"

Na daka mata tsawa na ce ta kula da tukunyarta. Ta kula da ita kuwa, wuni ta yi tana hura itace, amma tun daga ranar ba ta ƙara haɗa ido da ni ba har abin da ya faru ya faru. Laraba ta wuce famfo yana zuba, Alhamis ma haka. Ina zaune a dakali ina kallon kurar 'yan garuwa tana fita cike da jarkoki. In Sadiya ta shiga bayi sai na bi ta da ido, in ta daɗe sai na tura a duba. Kai kuwa, Kabiru, na taɓa goshinka a kwana biyun nan fiye da yadda na taɓa shi duk rayuwarka. Tsoro biyu ne suka sa ni a tsakiya. Ina tsoron ruwan, ina kuma tsoron ranar da za a ce Injiniya ne ya shayar da unguwa ƙazanta. Na biyun ya fi ƙarfi, abin kunyar ke nan.

Da yammacin Alhamis na yanke shawarar rufewa. Na ce zan yi abin da Alhaji ya ce, in ce inji ne ya lalace. Na shiga ɗakin Iya don in sanar da ita gobe ba za a buɗe ba. Tana zaune a kan buzunta tana jan carbi, ta saurare ni har na gama ƙaryata.

"Gobe fa Juma'a, Garba."

"Na sani, Iya. Inji ne."

"Ubanka da inji ya yi sadakarsa? Guga yana nan a rataye. Ga gari cikin annoba, mutane suna neman ruwa, a ranar ne za ka rufe ƙofa? Ai yanzu ne ma sadaka ta fi amfani, ita ce za ta tsare mu."

Kada ku ɗora wa Iya komai. Ba ta san zancen ramin ba, ba ta san zuwan Alhaji ba. Kalma uku ko huɗu zan faɗa mata ta ce a rufe, ita da kanta za ta sa kwaɗo. Amma faɗa mata yana nufin in ce ni na ɓata rijiyar mijinta saboda ƙyashin kuɗin duro. Sai na karɓi maganarta hannu biyu, har da jin sauƙi a raina, na ce wa kaina wasiyya ce, ba yadda zan yi, kuma ai Allah ba zai bari ruwan sadaka ya cutar da kowa ba. Na ɓuya a bayan mahaifina yana kabari.

Ban taɓa ganin taro irin na Juma'ar nan ba. Layin bokiti ya fita daga lungunmu har bakin titi. Mata tsofaffi suna ta sa min albarka, wata ta ce Allah ya shayar da Baba daga Alkausara. Audu, da yake ranar ba ciniki, shi ya tsaya yana tsara layi yana ɗora wa tsofaffi kaya, yana tsokanar kowa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya shigo zaure gumi sharkaf ya zube kusa da ni.

"Injiniya, a taimaka da na randa, maƙogwaro ya bushe."

Na yi kira ciki. Ummanku ta miƙo kwanon sha ta bayan labule, cike da dafaffen ruwa, kuma na san da gangan ta cika shi. Audu ya kai baki ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Kai, wannan ai ƙauri yake. Hajiya ta ajiye randa kusa da murhu ne? Gidan mai ruwa guda a ba ni mai hayaƙi!"

Ya yi dariya, ya leƙa waje ya watsar da shi a kwata, ya tara kwanon a famfo ya cika. Tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Na ga ruwan yana zuba, na ga ya ɗaga kwanon, na ga maƙoshinsa yana motsi. Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe, amma akwai mutane a ƙofa, in na ce kada ya sha kowa zai ji. Ya shanye, ya ƙara rabi, ya goge baki da bayan hannu ya ce wannan shi ne ruwa. Na san zai yiwu a ce ai kullum shi yake sha, ba lallai na ranar ne ya kama shi ba. Likita ma ya gaya min haka daga baya. Ni dai na san abin da na gani, na kuma san abin da ban faɗa ba.

Ranar Asabar Audu bai zo ba. Da hantsi abokan sana'arsa suka ce min yana shagon da suke kwana, tun asuba yake abu ɗaya. Na same shi a kan tabarma, idanunsa sun faɗa, muryar nan tasa mai cika lungu ta koma kamar ta tsoho. Muka ɗauke shi zuwa inda aka keɓe masu cutar, aka sa masa ƙarin ruwa. A ranar kaɗai na ga fuskoki da yawa da na sani a wurin, wasu jiya-jiya suka sa min albarka. Na dawo gida na kashe inji, na cire kan famfo huɗun da hannuna, na ɗaure murfin rijiya da sarƙa. Iya ta fito tana tambaya, na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce, "Da bakina ka sa na ce a buɗe," ta koma ɗaki. Audu ya rasu ranar Lahadi bayan azahar. Sauran da na sani Allah ya tashi kafaɗunsu, wasu da ƙyar. Ni na shiga cikin masu ɗaukar makararsa, kuma mutane suna ta yaba min cewa na riƙe amanar ɗan garuwa.

Ranar Litinin na je da ƙafata wurin ma'aikatan lafiya na ce su zo su duba rijiyata. Suka ɗebi ruwan, suka dawo bayan kwanaki suka ce a rufe ta da siminti. To an ga shigar Alhaji Mamuda zaurenmu ranar Talata, an kuma ji tashin muryata. Sai unguwa ta haɗa ɗaya da ɗaya ta ce shi ya kai ƙara saboda hassada, ya kashe wa Injiniya sana'a. Wannan maganar ta zo min daidai wuya kamar rigar da aka ɗinka min, na sa ta. Ban taɓa cewa haka ne ba, ban kuma taɓa cewa ba haka ba ne. Alhaji ya turo tankarsa bakin titinmu har ƙarshen damina, ana ɗiba ana zaginsa. Ya san gaskiya sarai, kuma har yau ban ji ya faɗa wa kowa ba. Ummanku ma ta rufa min asiri, sai dai tun daga shekarar ba ta ƙara bari wani ya kira ni Injiniya a gabanta ba.

Yanzu ido ya raunana, ƙafa tana bin sa, kuma abin da nake tsoro ya canja. Ba na tsoron bakin unguwa, yawancin masu bakin ma sun riga ni. Ina tsoron ranar da za a tsayar da ni da Audu a tambaye ni taku ukun nan. Na je ƙauyensu na faɗa wa matarsa, ta ce ita ta yafe nata, na Audu kuma ba a hannunta yake ba.

Saboda haka, Kabiru, gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri. Za ka riƙe min hannu mu je ƙofar gidan Alhaji Mamuda, ka durƙusa ka gaishe shi, ni kuma in faɗi abin da ya kamata in faɗa tun ranar Talatar nan, da ƙarfi yadda na kusa za su ji. Kai da Sadiya kun sha tambayar Ummanku me ya sa ba ku son ruwan da aka tafasa, me ya sa ƙaurinsa yake tayar muku da zuciya. Kwana huɗu kuka yi kuna shan sa kuna kuka, ina tsaye a kanku sai kun shanye. Audu kurɓi ɗaya ya yi ya zubar, ni kuma ina zaune ina kallo.